"Wa Ya Kashe Herzog?": Tambayar da Cildo Meireles Ya Buga a Kan Kuɗin Barazil

Da safiyar Asabar, 25 ga Oktoba 1975, Vladimir Herzog ya kai kansa da ƙafarsa ofishin DOI-CODI da ke birnin São Paulo, wato sashen leƙen asiri da tsare mutane na rundunar sojan Barazil. A daren Juma'a jami'ai sun je neman sa a gidan talabijin na TV Cultura, inda yake shugabantar sashen labarai. Abokan aikinsa suka sa baki, aka bar shi bisa alkawarin zai je da kansa idan gari ya waye. Ya cika alkawari. A wannan yinin ya zama gawa. Shekarunsa 38, ya bar matarsa Clarice da 'ya'ya maza biyu ƙanana.

Sanarwar rundunar ta ce an yi masa tambayoyi ne kan alaƙarsa da jam'iyyar kwaminis, wadda haramtacciya ce a lokacin, daga baya ya rataye kansa da ɗamara. Har hoto suka fitar. A hoton ana ganin mutum rataye a jikin ƙarfen taga, amma wurin da aka ɗaura ɗamarar bai kai tsayinsa ba: gwiwoyinsa a lanƙwashe suke, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. Waɗanda suka taɓa kwana a wannan gida kuwa sun san tufafin da ake ba tsararre ba su da ɗamara. Ɗan jarida Rodolfo Konder, wanda ke tsare a wurin a ranar, ya ba da shaida daga baya cewa ya ji ihun Herzog daga ɗakin da ke kusa, ya ji an ƙure rediyo don a danne ihun, sannan ya ji shiru.

Herzog Bayahude ne. An haife shi a 1937 a garin Osijek na tsohuwar Yugosilabiya, iyayensa suka gudo da shi daga 'yan Nazi zuwa Italiya, daga nan suka tsallaka Barazil bayan yaƙi. A tsarin Yahudawa, wanda ya kashe kansa a gefen maƙabarta ake binne shi. Masu wankan gawa suka ga alamun azaba a jikinsa, labari ya kai ga limaminsu Henry Sobel, shi kuma ya ƙi yarda a kai gawar gefe. Aka binne shi cikin sauran mamata. Wannan shi ne ƙaryatawa ta farko da aka yi wa gwamnati a bainar jama'a, kuma ba da jawabi aka yi ta ba. Wurin da aka haƙa kabarin ne ya yi magana.

Ranar 31 ga Oktoba aka yi taron addu'a a babbar majami'ar Sé. Babban limamin Katolika na birnin, Paulo Evaristo Arns, da Sobel, da fasto Jaime Wright suka jagoranta tare. 'Yan sanda sun datse hanyoyin shiga tsakiyar gari, duk da haka mutum kusan 8,000 suka hallara. Shi ne taron nuna fushi mafi girma da aka gani a ƙasar tun bayan 1968.

A cikin wannan yanayi ne wasu takardun kuɗi suka fara yawo a hannun jama'a ɗauke da hatimin roba mai kalmomi uku: "Quem matou Herzog?", ma'ana wa ya kashe Herzog. Wanda ya sassaƙo dabarar wani matashin mai fasaha ne ɗan shekara 27, Cildo Meireles.

Ƙasar da aka rufe wa baki

Sojoji sun kifar da gwamnatin João Goulart a 1964, suka riƙe mulki har 1985. Shekarun farko akwai ɗan sauran numfashi. A ranar 13 ga Disamba 1968 suka kafa dokar da ake kira AI-5, wadda ta ba shugaban ƙasa ikon rufe majalisa da korar zaɓaɓɓu, ta kuma soke haƙƙin wanda aka kama da laifin siyasa na a kai shi gaban alƙali. Aka girke masu tace labarai a cikin ɗakunan jaridu. Wata babbar jaridar São Paulo ta riƙa cike guraben labaran da aka cire da baitocin tsohuwar waƙa, 'yar'uwarta ta yamma kuma tana cikewa da darasin girki, don mai karatu ya gane an yanke wani abu a nan.

A daidai lokacin tattalin arziƙi na haɓaka da sama da kashi 10 cikin 100 a shekara, Barazil ta ci kofin duniya a 1970, motoci suna yawo da takardar manne mai cewa ka so Barazil ko ka bar ta. Gwamnati ta haɗa kishin ƙasa da yin shiru ta mai da su abu guda. Duk wanda ya yi ƙorafi, ba gwamnati kaɗai ya taɓa ba, ƙasar ya ci amana.

Masu fasaha ma ba su tsira ba. A 1969 aka rufe wani baje koli a gidan fasahar zamani na Rio de Janeiro kafin jama'a su gan shi, abin da ya jawo masu fasaha na ciki da waje suka ƙaurace wa babban bikin fasaha na São Paulo na wannan shekara. Darasin a fili yake: duk aikin da ke rataye a bango, a ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, soja ɗaya ya isa ya kulle shi.

Meireles, wanda aka haifa a Rio a 1948 ya kuma girma a Goiânia da Brasília, ya gwada hanyar tsawa tukuna. A watan Afrilu 1970, a birnin Belo Horizonte, lokacin da gwamnati ke bikin tunawa da Tiradentes, gwarzon da Turawan Fotugal suka rataye a 1792, ya kafa turke ya ɗaure kaji goma masu rai, ya zuba musu fetur ya cinna wuta, ya ce wannan shi ne abin tunawa da fursunan siyasa. Na fahimci abin da yake son faɗa: kuna yi wa wanda aka kashe jiya kirari, kuna kashe irinsa yau a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Amma ƙona rai da wuta zalunci ne ko da don a nuna wani zaluncin aka yi shi, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ba zai sake irin wannan ba. Aikin da ya biyo baya a watannin nan bai taɓa jinin kowa ba, kuma ya fi wancan nisan zango.

Kwalba da takarda

Tunanin da ya kai shi ga mafita mai sauƙi ne. Jarida da rediyo da talabijin suna isa ga miliyoyi, amma kowannensu yana da maƙogwaro guda da za a iya shaƙewa: mai gida, edita, injin ɗab'i. Akwai kuma wasu abubuwa da ke zagaya gari kullum, daga wannan hannu zuwa wancan, babu mai tsaron ƙofarsu. Ya ce abin da ya buɗe masa ido shi ne wasiƙun nan da ake cewa ka kwafa ka tura wa wasu, da saƙon da wanda jirgi ya nutse da shi kan sa a kwalba ya jefa teku. Ya raɗa wa jerin ayyukan suna mai nufin cusa saƙo cikin hanyoyin da aƙida ke yawo.

Ya fara da kwalaben Coca-Cola a 1970. A lokacin ana mai da kwalba ne bayan an sha, kamfani ya wanke ya sake cikawa. Sai ya riƙa manna farin rubutu a jikin kwalbar da babu komai ciki. Fari a kan gilashi ba ya ɗaukar ido, don haka kwalbar takan wuce ma'aikata. Da an cika ta da baƙin lemo, rubutun ya fito sarai. Wasu suna cewa Amurkawa su koma gida, wasu suna nuna yadda ake haɗa bam ɗin kwalba. A ƙasa kuma akwai umarni: ka rubuta ra'ayinka a kan kwalba, ka mai da ita kasuwa. Kamfanin da ake gani a matsayin tutar ƙarfin Amurka shi ya zama mai rarraba saƙon korar Amurka, da motocinsa da man motocinsa.

A wannan shekara aka gayyace shi wani baje koli a babban gidan fasahar zamani na New York, ya kai kwalabe da takardun kuɗi. A ɗan rubutun da ya bayar don littafin baje kolin ya ce bai zo don kare wata sana'a ko wata ƙasa ba. Magana ce mai nauyi daga bakin ɗan shekara 22 da aka kira a matsayin ɗan Barazil, a lokacin da gwamnatinsa ke raba mutane gida biyu, masu son ƙasa da maƙiyanta.

Kwalba dai tana da iyaka. Manna rubutun aiki ne mai cin lokaci, mutum ɗaya kuma ba zai iya gogayya da injin da ke fitar da dubbai a sa'a ba. A ganina aikin kwalba ya fi zama misali, kyakkyawan hoto na abin da zai yiwu. Takardar kuɗi ce ta mai da shi makami. Hatimin roba da ɗan akwatin tawada sun isa, kowa na iya sa a sassaƙa masa, kuma cikin mintuna kaɗan an gama da damin kuɗi.

Yadda tsoro ya zama ɗan aike

A nan ne ya kamata a tsaya a duba sosai, domin ƙarfin aikin duk yana cikin halin wanda takardar ta faɗo hannunsa. Ɗauki direban bas ko mai sayar da kofi a bakin titi. An miƙo masa cruzeiro ɗaya, wato kuɗin Barazil na lokacin, ya duba ya ga tambayar. Ba zai so a kama shi da ita ba, domin a wancan zamani abin da bai kai wannan ba yana kai mutum inda aka kai Herzog. Ba zai yaga ta ba, domin guminsa ce. Kai ta wurin 'yan sanda kuwa kai kai ne. Abin da ya rage masa shi ne ya rabu da ita da wuri, ya ba wani a matsayin canji. Wanda ya karɓa shi ma haka zai yi. Tsoron da gwamnati ta shuka don ya tsai da magana, shi ne ya ƙara wa maganar gudu.

Takardar da ake bazawa a titi mutum na iya ƙin karɓa, ko ya karɓa ya jefar. Kuɗi kuwa babu mai ƙi. Mai goyon bayan sojoji da mai adawa da su duk sai sun karanta, har da sojan da ya karɓi canji a kanti. Shi ya sa ƙananan takardu suka fi dacewa da aikin, domin su ne ke wuni suna canza hannu, su ne kuma ke shiga aljihun da jarida ba ta shiga.

Ita gwamnati ta rasa inda za ta kama. Ba za ta hana mutane amfani da kuɗinta ba. Tsame takardun ɗaya bayan ɗaya daga kasuwa ya fi ƙarfin kowane mai tace labarai. Ba ta da hanyar sanin hannun da ya buga, domin wanda aka samu da takardar gaskiyarsa ce idan ya ce canji aka ba shi. Meireles ya kuma bayyana cewa kowa na da izinin kwaikwayon aikin. Da zarar mutum na biyu ya sassaƙa hatiminsa, kama na farko ba ya kashe komai.

Sai kuma siffar maganar. Bai rubuta cewa sojoji sun kashe Herzog ba. Tambaya ya yi. Amma tambayar ta riga ta rushe sanarwar hukuma tun kafin a amsa ta, domin ba a tambayar wanda ya kashe mutumin da ya kashe kansa. Mai karantawa shi zai cike gurbin a zuciyarsa, kuma amsar da mutum ya ba kansa ta fi wadda aka ɗora masa zama. Mu a Najeriya mun san nauyin irin wannan tambaya: tun ranar 19 ga Oktoba 1986 da bam a cikin ƙunshin wasiƙa ya kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch a gidansa da ke Ikeja ake cewa wa ya kashe Dele Giwa, kuma ba a hukunta kowa ba.

Akwai abin da za a iya tuhumar Meireles da shi, kuma bai kamata a share shi ba. Shi ya buga hatimi ya ɓace cikin jama'a, amma haɗarin ya rarrabu a kan talakawan da ba su nemi shiga ba. Matar da ta karɓi takardar a kasuwa ba a shawarce ta ba. Na daɗe ina auna wannan, kuma inda na tsaya shi ne: haɗarin ba shi ya ƙirƙire shi ba. Ƙasar da riƙe takardar kuɗinta mai tambaya a kai zai iya jawo wa mutum ɗauri ta riga ta jefa kowa cikin haɗari, hatimin kawai ya sa mutum ya ji abin a tafin hannunsa. Duk da haka tuhumar tana da gaskiyarta, kuma masu yabon aikin sukan tsallake ta da sauri.

Fuskar wa ke kan kuɗi

Taɓa kuɗi ba sabon abu ba ne a wurinsa. A 1969 ya naɗe takardun cruzeiro ɗaya guda 100, ya ɗaure da roba, ya ɗora a kan dandamali irin na mutum-mutumi, ya rubuta farashi: cruzeiro 2,000. Ya kira aikin bishiyar kuɗi. Tambayar da ya ajiye ita ce daga ina ragowar 1,900 suka fito, idan ba daga suna da ɗakin da aka ajiye abin ba.

Daga 1974 zuwa 1978 kuma ya buga kuɗinsa na kansa, mai kama da na gwamnati a zubi da ado, amma darajar da ke rubuce a kai sifili ce. Wannan aiki, Zero Cruzeiro, shi ne ya fi shiga batun wace ce ƙasa kuma su wa ake lissafawa a cikinta.

Takardar kuɗi ita ce hoton da ƙasa ke ɗaukar kanta ta raba wa kowa. Jerin takardun da Barazil ta fitar a 1970 suna ɗauke da sarakuna biyu, Pedro na ɗaya da na biyu, da manyan hafsoshin soja biyu da suka fara mulkin jamhuriya, Deodoro da Fonseca da Floriano Peixoto. A 1972, don bikin cika shekara 150 da 'yanci, aka fitar da ta cruzeiro 500 mai jeren fuskoki da ke nuna yadda jinsuna suka narke suka zama ɗan Barazil guda. Labarin da takardar ke bayarwa shi ne an gauraya lafiya, babu wanda aka zalunta.

Meireles ya cire gwarzaye. A fuska ɗaya ya sa hoton mutumin ƙabilar Krahô, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar. A ɗaya fuskar ya sa wani majinyaci a asibitin masu taɓin hankali, ya juya baya yana fuskantar lungun bango. Ga mutum biyu da ƙasa ta yi wa farashi, farashin kuma shi ne lambar da ke kusurwar takardar.

Zaɓen Krahô daga gidansu ya samo shi. Mahaifinsa ma'aikaci ne a hukumar kare 'yan asalin ƙasa, kuma ya yi aiki a kan binciken kisan gillar da masu garken shanu suka yi wa Krahô a 1940 don su ƙwace musu ƙasa. Ɗan ya tashi yana jin wannan labari. A shekarun da yake buga takardar sifili, gwamnati na yanka babbar hanyar Transamazônica da wasu irinta ta cikin dajin Amazon da sunan haɗe ƙasa, cututtuka da bindiga suna bin hanyoyin zuwa ƙauyuka. Hukumar binciken gaskiya ta ƙasa ta ƙiyasta a 2014 cewa aƙalla 'yan asalin ƙasa 8,350 ne suka mutu tsakanin 1946 da 1988 sakamakon aikin hukuma ko sakacinta, kuma ƙabilu kaɗan kawai ta bincika. Wannan adadi ya ninka sau da yawa mutum 434 da hukumar ta lissafa a matsayin waɗanda aka kashe ko aka ɓatar saboda siyasa. Herzog yana da ƙungiyar 'yan jarida, yana da limamai, yana da suna da za a buga a hatimi. Mutumin Krahô da majinyacin nan ba su da ko ɗaya. Ina ganin sai an ajiye takardun biyu gefe da gefe kafin a gane cikakken abin da Meireles ke faɗa.

Daga 1978 ya yi wa dala irin wannan, da hoton dattijon nan mai doguwar hula da ke wakiltar Amurka a gaba, da rumbun zinariya na Fort Knox a baya. A 1987 ya koma tushen lamarin da wani babban aiki kan mishan ɗin da limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka kafa a tsakanin ƙabilar Guarani: ya shimfiɗa tsabar kuɗi 600,000 a ƙasa, ya rataye ƙasusuwan shanu 2,000 a sama, ya haɗa su da siririn ginshiƙi na ƙananan gurasar ibadar Katolika guda 800. Dukiya a ƙasa, mutuwa a sama, addini ya riƙe tsakani.

Ita ma cruzeiro ta gaske ta bi sahun ta sifili. Hauhawar farashi ta cinye ta, ƙasar ta canza kuɗi sau biyar tsakanin 1986 da 1994, ana yanke sifilai ana sabon suna, har farashi ya tashi da sama da kashi 2,000 cikin 100 a 1993 kaɗai.

Abin da hatimin ya yi da abin da bai yi ba

Kada a ɗora wa hatimin abin da ba shi ya yi ba. Waɗanda suka tsaya da sunansu da fuskarsu su ne suka karya ƙaryar. Ƙungiyar 'yan jaridar São Paulo ƙarƙashin Audálio Dantas ta tara sa hannun 'yan jarida 1,004 a farkon 1976 suna ƙalubalantar binciken soja. A watan Janairun wannan shekara aka sake kashe wani a wannan ofishi na DOI-CODI, ma'aikacin masana'antar ƙarfe Manoel Fiel Filho, aka sake cewa ya kashe kansa. Wannan karon shugaban ƙasa Janar Ernesto Geisel ya tsige kwamandan rundunar São Paulo, Janar Ednardo D'Ávila Mello. Clarice Herzog ta kai gwamnatin tarayya kotu, kuma abin da ta nema shi ne a tabbatar da alhakin. A shari'ar, likitan hukuma Harry Shibata ya amsa cewa ya sa hannu a rahoton gawar ba tare da ya gan ta ba. A watan Oktoba 1978, AI-5 na nan da ranta, wani matashin alƙali, Márcio José de Moraes, ya yanke cewa gwamnati ce ke da alhakin kama Herzog ba bisa ƙa'ida ba da azabtar da shi da mutuwarsa.

To ina gurbin takardar Meireles a cikin wannan? Shari'a tana ɗakin kotu, takardar koke tana hannun masu ilimi, addu'ar majami'a yini ɗaya ce. Takardar kuɗi kuwa tana iya faɗowa hannun wanda bai taɓa jin sunan Herzog ba, a garin da babu wanda ya halarci taron Sé, watanni bayan jaridu sun koma wani labari. Aikinta shi ne ta hana tambayar kwanciya a cikin rayuwar yau da kullum, a wurin biyan kuɗin mota da sayen burodi. Ta kuma sanar da mai karɓa cewa akwai wani a wani wuri da bai yarda da sanarwar hukuma ba. A ƙarƙashin mulkin da babban makaminsa shi ne kowa ya zaci shi kaɗai ke shakka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu cewa wannan siyasa ce kawai, ba fasaha ba, ban bi su ba. Fasahar tana cikin zaɓen kayan aiki. Mai sassaƙa yana sanin halin itacensa, inda zai tsage da inda zai jure. Meireles ya san halin kuɗi da halin mai riƙe da shi, ya gina aikinsa a kan wannan sani, har ya zama saƙon da abin da ke ɗauke da shi ba sa rabuwa. Ka buga tambayar a farar takarda, ta zama abin shara. Ka buga ta a kan takardar kuɗin gwamnati, kusa da sa hannun hukumomin kuɗi, ta zama gwamnati ce da kanta ke yawo da tuhumar da ake yi mata.

Yau kwalaben da takardun suna cikin akwatunan gilashi a manyan gidajen fasaha, har da Tate ta Landan, wadda ta yi masa babban baje koli a 2008. Shi dai ya sha nanata cewa waɗannan samfuri ne kawai, aikin kansa yana faruwa ne lokacin da abin ke yawo. Ina tare da shi a nan. Takardar da ke bayan gilashi ta daina zama kuɗi, babu wanda ke tsoron ta, babu wanda zai yi saurin miƙa ta ga wani. Amfanin da ya rage mata shi ne ta koya wa mai kallo dabarar, kuma 'yan Barazil sun koya. A 2018, bayan an ɗaure Lula da Silva, wanda a lokacin tsohon shugaban ƙasa ne, magoya bayansa sun riƙa buga hatimin neman a sake shi a kan takardun real, wato kuɗin Barazil na yanzu, har babban bankin ƙasar ya fito ya yi bayani cewa takardar da aka yi wa hatimi ba ta rasa darajarta. A watan Maris na wannan shekara aka harbe 'yar majalisar birnin Rio, Marielle Franco, tare da direbanta, kuma tambayar wa ya kashe ta, da wa ya ba da umarni, ta cika bangaye da riguna na tsawon shekaru.

Shari'ar Herzog kuwa ta ci karo da dokar afuwa ta 1979, wadda ta yafe wa 'yan adawa ta kuma rufa wa masu azabtarwa asiri a lokaci guda. Kotun ƙolin Barazil ta tabbatar da dokar a 2010. Sai a 2013, shekara 38 bayan kisan, aka miƙa wa iyalinsa gyararriyar takardar shaidar mutuwa, wadda ta ce ya mutu ne sakamakon raunuka da muzgunawar da aka yi masa a hannun rundunar soja. A 2018 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta yanke cewa kisan laifi ne ga bil'adama, afuwa ko tsawon lokaci ba sa goge shi, ta kuma umarci Barazil ta sake buɗe bincike ta hukunta waɗanda suka aikata. Masu gabatar da ƙara na tarayya sun shigar da tuhuma kan mutum shida a 2020, alƙalin da ta fara zuwa gabansa ya ƙi karɓar ta, yana mai kafa hujja da dokar 1979.